DAGA LITTAFIN MAIGIDA ZUWA KAKIN SOJAN SAMA: HANYAR DA KARATUN AKANTA YA BUƊE WA 'YA'YANMU

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙungiyarmu, a Sabo, Badun



 Allah ya saka wa wanda ya rufe rumfarsa ya zo, domin mun san abin da rufe rumfa yake nufi a ranar kasuwa.

Bayan haka, shugabanni sun ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata tambaya da iyaye suka yi ta kawowa ofishin ƙungiya. Yaro ya gama sakandare, uba yana son ya karanta aikin akanta don ya riƙe masa dukiya, shi kuwa yaro idonsa yana kan kakin sojan sama. An ja, an ja, har a wani gidan magana ta kai ga yaji da fushi. To, abin da muka zo faɗa a yau shi ne, waɗannan buƙatu biyu suna iya haɗuwa a kan yaro guda. Akwai hanya, kuma a buɗe take. Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma wasu daga cikinsu sun fi yi mana nauyi mu mazauna nan fiye da 'yan'uwanmu na gida.

Mu fara da abin da muka gada. An kafa wannan unguwa ta Sabo a 1916, kuma abin da ya riƙe ta shi ne shanu daga Arewa da goro daga Kudu. Falke zai kawo shanunsa ya sauka gidan maigida. Dillalin maigida ya sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya a kan kuɗin, in mahauci ya gudu shi zai biya. Falke yakan bar jakar kuɗinsa a hannun maigida ya yi wata uku bai waiwayo ba, ya dawo ya tarar ko anini bai yi ciwon kai ba. Kowane babban gida yana da malamin da ke riƙe littafi: wane ya karɓi sa biyu, wane ya biya rabi, saura kaza. Har wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga a 1969. Mu da muka yi Islamiyya kuwa mun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Saboda haka in ɗanmu ya ce zai karanta akanta, sana'ar kakanninsa ce zai je ya koyo da tsarin zamani.

To, me ake koyarwa a shekara huɗun nan ta jami'a? Yana da kyau uba ya sani, don in yaro ya dawo hutu a iya yi masa tambaya.

A shekarar farko ana kafa tushe: lissafi, ilmin tattalin arziki, Turanci, da ƙa'idar rubuta kowane ciniki a wuri biyu. Wannan ƙa'ida wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana ta a littafi tun 1494, daga abin da ya ga fataken Banis suna yi. Ga yadda take. A ce maigida ya sayar wa mahauta shanu 10 bashi, kowane a kan Naira 600,000. Akanta zai rubuta a gefe guda cewa an yi cinikin Naira 6,000,000, a ɗaya gefen ya rubuta cewa ana bin mahauta Naira 6,000,000. Ranar da suka kawo 4,000,000, kuɗin hannu ya ƙaru da 4,000,000, bashi ya ragu da daidai wannan, saura 2,000,000. In an tara gefen nan biyu dole su yi kunnen doki. In ba su yi ba, akwai kuskure ko akwai ɓarna, kuma littafin da kansa zai tona.

A shekara ta biyu ana shiga lissafin abin da kaya suka ci kafin su kai kasuwa, da dokokin ciniki, da ƙididdiga. Nan ne yaro zai koyi abin da yake karya 'yan kasuwa da yawa ba su ankara ba, watau raguwar darajar kadara. Mutum ya sayi babbar mota Naira miliyan 30, zai more ta shekara 10. Akanta zai ce kowace shekara a cire miliyan 3 daga abin da motar ta kawo kafin a kira sauran riba. Wanda bai cire ba yana cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci, sai ranar da mota ta kwanta ya duba ya ga babu na sayen wata.

A shekara ta uku da ta huɗu ake zuwa manyan darussa: haraji, dokar kamfanoni, tsara kasafi, lissafin kuɗin gwamnati, da binciken littattafai, watau aikin odita. Ana koyar da ƙa'idojin duniya na rubuta rahoton kuɗi, waɗanda Nijeriya ta fara aiki da su a 2012. Ana koyar da aiki da kwamfuta, domin littafin takarda ya kusa zama tarihi a ofisoshi. A ƙarshe ɗalibi zai yi bincike ya rubuta kundi. Bayan digiri akwai jarrabawar ƙwararru ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ta ANAN, wadda ta sami dokarta a 1993 kuma take da kwalejinta a Jihar Filato. Ana karanta akanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da jami'ar Ife da ta Ikko, kuma ga kwalejin fasaha ta Badun a nan kusa da mu mai ba da difloma. Darussan da ake zaɓa a jarrabawar JAMB su ne Turanci, lissafi, tattalin arziki, da ɗaya daga darussan kasuwanci ko zamantakewa.

Yanzu wani zai ce, to ina ruwan sojan sama da mai lissafi? Jama'a, jirgi ba ya tashi da jaruntaka kaɗai. An kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya da doka a watan Afrilu 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, kuma shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Yau tana da hedkwata a Abuja da manyan rassa a Makurɗi, Kaduna, Inugu, Bauchi, Yenagoa da Ikko. A bayan kowane matuƙi guda akwai injiniyoyi, da masu kula da kayan gyara, da likitoci, da lauyoyi, da masu biyan albashi. Jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da aka sayo daga Amurka, waɗanda suka iso a 2021, cinikinsu ya tasam ma Dala miliyan 500. Wani ne zai lissafa abin da sa'a guda ta tashi take ci na mai da kayan gyara. Wani ne zai tabbatar albashin sojan da ke bakin daga a Borno ya isa hannun iyalinsa a ƙarshen wata. Rundunar tana da sashe guda na kuɗi da kasafi a hedkwatarta, kuma masu wannan aiki hafsoshi ne cikakku, da kaki da anini, ana sara musu kamar yadda ake sara wa kowane hafsa.

Ƙofofin shiga guda biyu ne, kuma ya kamata mu bambance su.

Ƙofa ta farko ita ce Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA. An buɗe ta a 1964, ta fara ba da digiri a 1985, ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshi na dindindin a 2011. Mazauninta yana Afaka. Yaro yana shiga daga sakandare, yana ɗan saurayi marar aure. Kwas ɗin shekara biyar ne, huɗu na digiri ɗaya na aikin soja zalla, amma horo yana tafiya tun ranar farko. Akanta yana cikin darussan da ake ba da digiri a kansu a can. Sai dai mu gane, rana ɗaya ake raba wa abu biyu: tashin asuba da gudu da fareti, sa'an nan aji, sa'an nan a koma fili da yamma, da dare kuma a buɗe littafi ido na lumshewa. Wanda ya faɗi a aji ana iya sallamarsa ko da ya fi kowa gudu, haka wanda ya gaza a fili ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa. Gwamnati ce take ɗaukar nauyin ci da sha da sutura da karatu. Kafin a shiga sai yaro ya yi JAMB, ya yi jarrabawar tantancewa ta makarantar, sa'an nan ya bayyana gaban kwamitin zaɓe inda za a auna tsawonsa, a duba lafiyarsa, a gwada ƙarfinsa, a yi masa tambayoyi. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Kuma hukuma ce take da ta cewa a kan rundunar da za a tura yaro da sashen da zai yi aiki.

Ƙofa ta biyu ita ce gajeren kwas na masu digiri, wanda ake kira DSSC. Nan yaro zai gama jami'arsa ko babbar diflomarsa kamar kowa, ya yi bautar ƙasa ya karɓi takardar NYSC, sa'an nan ya nema idan rundunar ta yi shela. Wanda aka ɗauka zai yi horon wajen wata shida a sansanin sojan sama na Kaduna, a ɗaura masa anini, ya kama aikin da ya karanta. Masu nema dubbai ne, gurabe kaɗan, saboda haka sakamako mai ƙarfi ake dubawa. Ɗalibin da ya yi wasa a shekarar farko ta jami'a yakan ga abin a ranar nan, domin makin jami'a tara shi ake yi tun daga zangon farko, kamar adashi. Wannan ƙofa ta fi dacewa da yaron da shekarunsa suka wuce na NDA, ko wanda ubansa yake son ya fara riƙe takardar sana'a a hannu tukuna.

Akwai wani wuri da ake yawan ruɗewa. Rundunar tana da cibiyar fasaha a Kaduna mai suna AFIT, wadda take ɗaukar farar hula tana ba su digiri, har da na akanta. Makaranta ce mai kyau, amma wanda ya gama ta a matsayin farar hula, farar hula ya fito. In yana son kaki sai ya bi ta ƙofa ta biyu kamar kowa. Kada uba ya sayar da sa ya biya kuɗin makaranta yana jiran ganin anini a kafaɗa ranar yaye.

To, ga inda gizo yake saƙa a gare mu. Sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole hafsoshi da sauran sojoji su fito daga dukkan sassan ƙasa. Don cika wannan ake raba gurabe jiha jiha, kuma jihar da ake nufi ita ce ta asalin mutum. Shaidarta kuwa takardar ƙaramar hukuma ce. Ɗanmu an haife shi a Sabo, wataƙila ubansa ma a nan aka yanke masa cibiya. In ya je ƙaramar hukumar da yake zaune, sau da yawa za a ce masa shi ɗan Arewa ne. In ya hau mota ya tafi garin kakansa, sai sakatare ya ce ya kawo sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Mai unguwa ya dube shi, ya ji Hausarsa da ɗan karin Yarbanci, ya ce ɗan gidan wa? In babu wanda ya san shi, shi ke nan, ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Kafin ya gama zirga-zirga an rufe karɓar takardu, shekara ta wuce, kuma shekarun NDA ƙidayayyu ne.

Maganin wannan yana hannun iyaye, kuma ba a ranar wanka ake ɓoyon cibi ba. Tun yaro yana ƙaramar sakandare a kai shi gida. Ya yi sallah a can, ya gaida dangi, a kai shi gaban mai unguwa a ce wannan jikan wane ne. A karɓo takardar a lokacin da babu gaggawa, a adana. Zumunci a ƙafa yake, kuma a wannan zamani har takarda yake haifarwa. Haka nan a duba suna da ranar haihuwa. Mu mun saba a kira yaro Ɗanlami a gida, Muhammadu a Islamiyya, a rubuta wani abu dabam a firamare saboda malamin bai iya furta sunan ba. Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Dole sunan da ke takardar haihuwa, da na NIN, da na sakamakon sakandare, da na ƙaramar hukuma su zama ɗaya, harafi da harafi. Bambancin harafi guda ya isa a ajiye takardun yaro gefe.

Amma zaman nan namu yana da tasa riba. Yaron Sabo yana tashi da Hausa da Yarbanci da Turanci a bakinsa, ya saba zama da wanda ba yarensu ɗaya ba, ya iya ƙirga canji tun kafin ya shiga aji ɗaya. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta umurci jami'anta su koyi Hausa da Yarbanci da Ibo. Abin da wasu suke zaman aji su koya, ɗanmu ya sha biyu daga ciki a nono. Wannan jari ne a bariki, inda ɗan Sakkwato da ɗan Kalaba suke kwana ɗaki guda.

Iyayenmu mata, mun san abin da ke ranku, kuma ba za mu ɓoye ba. Aikin soja aikin sai da rai ne, ko da mutum alƙalami yake riƙewa. A ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin sojan sama ya faɗi a Ejigbo ta Ikko, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu hafsoshi. A watan Agusta 2021 'yan bindiga sun kai hari NDA kanta suka kashe hafsoshi biyu. Hafsan kuɗi ana tura shi duk inda aka tura runduna, ba ya cewa a'a, kuma ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama. Saboda haka kada a tilasta wa yaro, kada kuma yaro ya tafi ba da albarkar uwa ba. A zauna a yi magana. Masu 'ya'ya mata kuma su sani ana ɗaukar mata ta ƙofofin biyu, har a 2019 rundunar ta yaye mace ta farko matuƙiyar jirgin yaƙi, Kafayat Sanni. Shawara tana ga iyaye, amma a yanke ta da sani.

Akwai haɗari na biyu wanda ya fi kusa da mai riƙe kuɗi. A 2016 hukumar EFCC ta gurfanar da wasu manyan hafsoshin sojan sama gaban kotu a kan zargin karkatar da biliyoyin Naira, cikinsu har da waɗanda suka riƙe sashen kuɗi. Hukunci na alƙali ne, mu darasi muke ɗauka. Soja an koya masa bin umurni, akanta an koya masa kada ya sa hannu a kan abin da bai tabbata ba. Wata rana ɗanmu zai tsaya gaban wanda ya fi shi anini, a miƙo masa takardar biyan kayan da ba a kawo ba. Gwamnati ta kafa dokar sayen kaya a 2007, ta tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, duk don toshe irin wannan ɓaraka, amma doka ba ta riƙe hannun mai sa hannu. Tarbiyyar gida ce take riƙe shi. Kuma mu iyaye kada mu zama masu tura shi. In ɗanmu ƙaramin hafsa ya zo da motar da albashinsa na shekara goma ba zai saya ba, tambaya ce ta kamace mu kafin guɗa. Kuɗin da aka karkatar a can, ƙarfen gyaran jirgi ne da bai zo ba, kuma ɗan wani ne a cikin jirgin.

Kashedi na ƙarshe a kan 'yan damfara. Duk lokacin ɗaukar soja za su fito, wannan ya ce yana da oga a Abuja, wancan ya ce a turo kaza a sa sunan yaro. Rundunar sojan sama tana nanata cewa neman shiga aikinta kyauta ne, ta shafinta na intanet ake yi. Mu 'yan kasuwa ne, ba ma biyan kuɗin sa sai mun ga sa. Duk wanda aka zo masa da irin wannan magana ya kawo ta ofishin ƙungiya kafin ya taɓa aljihu.

Saboda haka muna gabatar wa shugabanni shawara huɗu. Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti da zai bi gida gida ya rubuta yaran da ke sakandare, ya duba takardunsu, ya haɗa masu garin asali ɗaya su yi tafiya tare a lokacin hutu. Na biyu, a nemi malamin lissafi da na Turanci su riƙa koyar da yaranmu Asabar da Lahadi, ƙungiya ta biya, domin a waɗannan darussa biyu ne ake yawan tuntuɓe. Na uku, a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da masauki ga yaron da aka kira tantancewa a Kaduna alhali ubansa ba shi da hali. Na huɗu, alhazai masu gidaje da masu rumfuna su ba ɗalibanmu na akanta dama su riƙe musu littafi a lokacin hutu. Yaro zai ga abin da ya karanta a aikace, maigida kuma zai san ainihin ribarsa.

Ku kuma 'ya'yanmu, naku guda uku ne: ku riƙe lissafi, ku motsa jiki, ku nisanci ƙwaya da duk abin da yake sa maye, domin gwajin likita ba ya jin roƙo. Wanda ya ga zai iya, ya zo ya rubuta sunansa wurin sakatare kafin a tashi.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.